Wa Ke Kiran Toka?

Ga kacici-kacici daga tsohon garin Agadez. Akwai wata kyanwa da mutanen gidansu za su yi ta kira har murya ta dushe, ko kai ba ta ɗagawa. Amma da la'asar ta yi, ba wanda ya buɗe baki, sai ga ta ta diro daga kan soro a guje, wutsiya a miƙe, kamar wadda aka aika wa manzo. To, wa ke kiran ta?

Gidan na wani dattijon maƙerin azurfa ne, a cikin lungunan da ke kewaye da babban masallaci. Daga ƙofar zaurensa ana hango hasumiyar nan ta ƙasa mai tsayin mita 27, wadda aka gina wajen 1515, aka sake ginin ta a 1844, ita ce kuma ke tsaye a tsakiyar tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Zauren ba ya rabo da ƙara. Zugazugi na huci, guduma na sauka kan uwar maƙera, magagari na cin azurfa, yaran maƙera biyu na gardama, rabi da Hausa rabi da Buzanci. Duk wannan hayaniya ba ta damun Toka, haka ake kiran kyanwar saboda launinta. Tana can kan rufin maƙwabta tana barci a inuwar rawanin soro. Sai lokacinta ya yi.

Na tambayi dattijon ko ya san sirrin. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan mussar ta san sunanta sarai. Girman kai ne kawai. Sai ta ga dama take amsawa."

Maganar Baba na da ƙamshin gaskiya. A 2019 wata mai bincike a Jami'ar Sophia da ke Tokyo, Atsuko Saito, da abokan aikinta sun gwada kyanwoyi 78, suka gano cewa kyanwa na bambance sunanta da sauran kalmomi masu tsawo da amo iri ɗaya. Tun a 2013 kuma ta nuna cewa kyanwa na gane muryar mai ita a cikin muryoyin baƙi. Sai dai amsar da take bayarwa ba ta wuce motsa kunne ko juya kai ba. Na leƙa kan rufin, na sa ƙaramin yaron ya ƙwala kira. "Toka! Mus, mus, mus!" Kunnenta na dama ya juya wajenmu, ya koma. Ta ji, ta kuma gane, ba ta dai taso ba. Ban da haka ma, da la'asar ɗin da take zuwa babu mai ambaton sunanta ko sau ɗaya. Suna ya fita daga zargi. Saura wa?

Babban yaron ya ce ai maganar a fili take: kiran salla ne. Masallaci na nan kusa, ladan na kira, kyanwa na saukowa. Wannan hasashe ya yi wa kowa daɗi, domin Musulmi da kyanwa tsohuwar amana ce, tun zamanin sahabin da aka yi wa laƙabi da Abu Huraira saboda 'yar kyanwarsa. Amma ladan sau biyar yake kira a yini, Toka kuwa sau ɗaya take saukowa. Ko da an ce la'asar ta zaɓa, akwai ranar Juma'a, wadda Baba ba ya hura wuta bayan an sauko daga masallaci. Ranar an kira la'asar, an yi salla, an shafa. Mun zauna muna duban katanga. Ba ta zo ba.

Wannan rashin zuwa ya kashe tsuntsu biyu. Ba ladan ba ne, ba kuma agogon cikinta ba, don da yunwar lokaci ce ke koro ta, yunwa ba ta san Juma'a ba.

Sai hankali ya koma kan shayi. A Agadez aiki ba ya ƙarewa sai an ɗora buta kan gawayi, an zuba na fari mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi, ana ɗaga buta sama don finjali ya yi kumfa. Toka na zuwa daidai wannan lokaci. Wani maƙwabci mai ɗinkin fata ya rantse cewa sukari take bi, ya ce ya taɓa ganin ta tana shinshinar faranti. Na so wannan bayani, sai dai halittar kyanwa ta ƙaryata shi. A 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka sun nuna cewa ɗaya daga cikin ƙwayoyin halitta biyu da ke sa harshe ya ji zaƙi a lalace take a jikin dangin kyanwa. Ita sukari ba shi da wani ɗanɗano na daban a bakinta. Muka ajiye ɗan gutsure a gabanta. Ta shinshina, ta tsallake.

To ƙamshin ganyen fa, ko hayaƙin gawayi? Wata rana baƙi suka zo da hantsi daga Ingal, aka dafa musu shayi har zuba uku. Hayaƙi ya tashi, ƙamshi ya cika lungu. Rufin shiru. Shayi ma ya kuɓuta.

Yanzu saura mutum ɗaya. Jikar Baba, yarinya 'yar firamare, ita ke fito da farantin shayi daga cikin gida. Na lura kuma cewa in ta zo wucewa ta bayan randa, hannunta na hagu kan saki wani abu. Tsokar nama ce, ba ta kai kan ɗan yatsa ba. Kuma a bayan randar nan Toka ke tsayawa. Na ce a raina, an kama ɓarawo. Takun yarinyar take ji, ko ƙarar finjalai a kan faranti.

Washegari na sa ido sosai. Kyanwar ta diro. Ta zauna bayan randa. Ta lashe ƙafarta. Sannan labule ya motsa, yarinyar ta fito.

Toka ce ta riga ta.

Ba a daɗe ba kuma abin da ya rikita kowa ya faru. Da safe ne. Yarinyar na makaranta. Baba ya tafi kasuwa sayen gawayi. Babu shayi. Babu kiran salla. Ƙaramin yaron kaɗai ke aiki a kan wani zobe. Sai ga Toka a guje. Ta nufi bayan randa. Ta zauna tana kallon labule.

Na ce wa yaron, "Kai, me ka yi yanzu?"

"Wallahi Malam ban yi komai ba."

"Sake yin wannan ba komai ɗin."

Ya dubi hannunsa. Magagari ne a ciki. Haƙoransa sun cushe da garin azurfa. Ya ɗaga shi, ya ƙwanƙwasa gefensa a kan uwar maƙera.

Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas.

Kunnuwan Toka biyu suka miƙe tsaye.

Ashe mai kiran yana hannun Baba tun farko, kuma shi kansa bai sani ba. Azurfa ba abin zubarwa ba ce. Duk maƙeri na tara garin da magagari ya ci a kan 'yar fata don a sake narka shi. Baba na da ɗabi'a: in zai tashi daga aiki, sai ya buga magagarin sau uku a gefen uwar maƙera, ragowar garin ya zubo, sannan ya rataye shi. A tsakiyar aiki da ɗan burushi yake sharewa, don haka bugun nan sau ɗaya ake jin sa a yini. Mutanen cikin gida sun daɗe da sanin ma'anarsa: Maigida ya tashi, a kawo shayi. Ranar Juma'a ba a aikin yamma, ba a buga ba. Ranar baƙin Ingal da baki aka aika a kawo faranti. Da safen nan kuwa, yaro ne ya kwaikwayi maigidansa ganin ba ya nan. Kowane zuwa da kowane rashin zuwa ya samu wurin zama.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta tsamo wannan ɗan sauti daga cikin dubban bugun guduma. Kunnen ɗan Adam, mai ƙuruciya ma, iyakarsa sautin da ke kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa. Na kyanwa na kaiwa wajen 64,000, kuma kowane kunne na da tsokoki 32 da ke juya shi shi kaɗai wajen da ƙara ta fito. Da wannan kunne kakanninta, kyanwoyin dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, ke jin tsuwar ɓera a cikin rami. Guduma a kan azurfa amonta a daƙushe yake, azurfa ƙarfe ne mai laushi. Magagari kuwa ƙarfe ne mai tauri, in ya haɗu da uwar maƙera ƙararsa siririya ce, gajera, mai kaifi, irin wadda ke ratsa katangar laka ta haye rufi. Gudumar ba ta taɓa kawo mata komai ba, sai ta daina kula ta. Sunanta ma haka: yara na faɗin sa safe da rana, wani don wasa, wani don ya kore ta daga kan tabarma. Bugu ukun nan ne kaɗai, kafin safiyar nan, bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Da yarinyar ta dawo, Baba ya tare ta da wasan kaka da jika. "Amaryata, ashe ke ce kika ɗaure wa mussar nan gindi da naman miyata?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Kaka, ai kai ke kiran ta. Ni biya kawai nake yi."

Sannan ta ba da labarin. Ta tsinci kyanwar tana ƙarama a bayan randa, ta riƙa sakar mata nama in ta fito da faranti. Da ta lura cewa Toka ta fara rigan ta zuwa wurin, sai ta gane abin da take ji. Ta nemi wani tsohon magagari da guntun ƙarfe, ta shiga yi da gangan. Da farko tana dab da kyanwar: bugu uku, nama nan take, kafin a ƙirga biyu. Sannan daga bakin ɗaki. Sannan daga tsakar gida kyanwar na zaure. Daga baya har daga kan rufi. Ba ta yi sai kyanwar na jin yunwa, kuma tana dainawa tun kafin ta ƙoshi.

Yarinyar ba ta taɓa jin sunan Edward Thorndike ba, Ba'amurken da a 1898 ya wallafa gwajin da ya yi na sa kyanwoyi cikin akwatuna masu sakata da abinci a waje, ya nuna cewa duk aikin da lada ya biyo bayansa nan take, dabba za ta maimaita shi. Ba ta ji labarin Pavlov na Rasha da karnukansa ba, waɗanda yawu ke zubo musu da jin sautin da suka saba ji kafin abinci. Amma matakan da ta bi su ne masu horar da dabbobi ke koyarwa yau, wasu da ɗan makaɗin ƙarfe mai ƙara "ƙyat". A ganina ta fi wasu manya fahimtar abu guda: ba ta taɓa yin bugun don ta kama kyanwar ta ɗura mata magani ko ta tsawata mata ba. Wanda ya kira dabba ya ba ta wahala, ya ɓata kiran. Ta kuma san ba a ba ta kilishi, ta ce yaji ya yi mata yawa. Tana da gaskiya fiye da yadda take zato, domin albasa da tafarnuwar da ake sa masa na lalata jinin kyanwa.

Wannan ba wasan yara ba ne kawai. Wanda ya ga yadda ruwan ƙoramar Telwa ya fasa ya ci gidajen laka a Agadez a watan Satumban 2009 ya san akwai daren da mutum zai so dabbarsa ta zo da kira ɗaya. Haka in guguwar ƙura ta taso, ko ranar da za a kai ta allurar rigakafin ciwon haukan kare, muddin an ba ta ladanta ta huta kafin a ɗauke ta.

Sai dai tonon asirin ya zo da haɗari. Yaran maƙera suka mai da abin nishaɗi, duk baƙon da ya shigo sayen zobe sai sun buga masa ya ga kyanwa ta diro, ba tare da ko ƙashi ba. Ba a jima ba Toka ta fara jinkiri. Ran nan aka buga ta leƙo daga rufi, ta koma. Yarinyar ta kai ƙara wajen kakanta, ido cike da hawaye. Baba ya tara yaran ya kafa doka: kowa ya share magagarinsa da burushi, bugu uku nasa ne shi da jikarsa, kuma duk wanda ya buga, daga aljihunsa za a sayo nama wajen mahauci. Ƙaramin yaron ya biya sau ɗaya. Yarinyar ta koma matakin farko, dab da randa, ta sake ginawa a hankali, kuma kafin bikin Biyanu ya zagayo Toka ta dawo da gudunta.