Ɗan Allon da Ke Farfaɗo da Injin Aski

Duk wanda aka taɓa ɗauke wa wuta yana kan kujerar mai aski a Jega, an aske rabin kai saura rabi, ya san darajar injin aski mai batir. Sai dai batirin kan gaji, a jefar da injin cikin tarkace alhali lafiyarsa ƙalau. Gyaransa kuwa bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba.

Abubuwa biyu ake bukata. Na farko batirin litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991. Wanda aka fi samu shi ne mai lamba 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Na biyu ɗan allon caji mai suna TP4056, wanda bai wuce girman babban yatsa ba.

Mene ne aikin allon? Cajar waya ta USB tana ba da bolt 5, shi kuwa batirin litiyam iyakarsa bolt 4.2. Idan aka ɗura masa fiye da haka sai ya yi zafi, ya kumbura, har ya kama da wuta. Allon shi ne mai gadi: yana shigar da wuta daidai kima, da ja a fitilarsa, idan batir ya cika sai ya rufe ƙofa, fitilar ta sauya launi. Wani irinsa yana da ƙarin kariya, yana yanke wuta kafin batir ya ƙare ƙaf. Shi ya kamata a nema.

Haɗin ba wuya. A liƙa wayoyin batir da dalma a wuraren da aka rubuta B+ da B-, na injin kuma a OUT+ da OUT-. Kada a kuskura a juya su, domin nan take allon zai ƙone.

Amma a lura da abu biyu. Tsofaffin injuna da yawa suna aiki ne da batir biyu masu bolt 1.2 kowanne, jimla 2.4. Litiyam zai sa su gudu fiye da kima, don haka a sanya dayod ɗaya ko biyu a tsakani, kowanne yana rage kimanin bolt 0.7. Sannan injin da ake jonawa kai tsaye a soket ba ya karɓar wannan gyara, domin ƙirarsa daban ce.

Da an gama, mai aski a ƙauyukan Maiyama zai iya yin caji da ƙaramin faifan sola, ba sai ya tayar da janareto ba. A dai ajiye injin a inuwa, domin zafin bazara yana rage wa litiyam kwana.

Muna kira ga malaman kimiyya, musamman maƙwabtan jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da su gwada wannan aiki tare da ɗalibansu. Gani ya kori ji.