Kalmomin da Mai Neman Gidan Haya Zai Sani

Ma'aikacin da aka turo Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko ɗan bautar ƙasa da ya sauka a Gwaram, sai ya fahimci yaren dillalai kafin ya kama gida.

Ciki da falo ɗakin kwana ne haɗe da na zama. Banɗakinsa sau da yawa na tarayya ne. Selkon ɗaki ne mai banɗakinsa a ciki. 2BR na nufin fulat mai ɗakunan kwana 2, BQ kuwa ɗakunan bayan babban gida. La'ada ladan dillali ce, ba ta cikin kuɗin haya.

Kafin ka biya, duba ruwa da mitar wutar lantarki ta KEDCO, sannan ka karɓi rasit a gaban shaidu.