Gwajin dalma a bakin Dajin Rugu: me ya sa muke raina na araha?

A watan Disamban 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta ƙaƙaba wa Zamfara tun Afrilun 2019. Wata uku bayan haka, farashin zinare a kasuwar duniya ya haura dala 3,000 kan kowane oza. Duk wanda ya san Batsari da Safana, da ke bakin Dajin Rugu a jihar Katsina, ya san iyakarsu da Zamfara a takarda kawai take. Dajin ɗaya ne, duwatsun iri ɗaya ne, kuma matashin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ba zai ƙi ɗaukar diga ba. Ana ta muhawara kan tsaro da kuɗin shiga, amma ban ji mai tambayar wa zai gwada dutsen da za a niƙa a tsakar gida ba.

Mun riga mun ga inda wannan sakaci ke kai mutane. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a gida ta kashe yara kusan 400 a Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, inda aka sami ƙasar da sama da kashi 10 cikin 100 nata dalma ce. A 2015 ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Duka biyun, yawan mutuwar yara ne ya fara tona asiri, ɗakin gwaji daga baya ya biyo.

Za a ce talauci ne, za a ce rashin tsaro ne, kuma duk da gaskiya. Amma a ganina babban dalilin yana cikin kawunan masananmu: sun ɗauka gwajin ƙarafa ba ya cika gwaji sai da na'urar miliyoyin naira. Ita kuwa wannan na'ura, wadda ake kira AAS, tana bukatar wuta tsayayya da iskar gas da ƙwararren da zai kula da ita. Don haka ɗalibi kan ɗebo ruwan rijiya ko ƙasa, ya kai babban birni kamar Zariya, ya biya kuɗin kowane ƙarfe daban, ya jira makonni. Sakamakon ya shiga kundin digiri, kundin ya hau kanta. Mai rijiyar ba zai taɓa jin abin da aka gani ba.

Alhali akwai tsohuwar dabara, TLC, wadda masu bincike biyu, Izmailov da Shraiber, suka fara a Kharkiv a 1938, Bajamushe Egon Stahl ya daidaita ta a shekarun 1950. Ana jiƙa 'yar ƙasar a ruwan asid don ƙarafan su narke, a ɗiga ɗigo ɗaya a gindin wani ɗan faranti da aka shafe da garin silika, a tsayar da shi cikin kwalba mai ɗan ruwan sinadari. Ruwan zai riƙa hawa kamar yadda kananzir ke bin lagwani, yana jan ƙarafan. Wanda ya fi manne wa silikar sai ya tsaya ƙasa, wanda ya fi son ruwan ya yi sama, kowa ya sami mazauninsa. Daga nan a fesa sinadarin da ke bayyana launi. Dithizone kan mai da dalma ja. Dimethylglyoxime kan nuna nikel da launin ja-ja. Ferrocyanide kan mai da baƙin ƙarfe shuɗi, jan ƙarfe kuma ruwan ƙasa. A gefe ana ɗiga dalmar da aka riga aka sani don a kwatanta. Ba janareta, ba kwamfuta, kuma cikin sa'a guda an gama.

Masu suka za su ce TLC ba ta faɗin adadi daidai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance dalma a ruwan sha ga mikrogiram 10 a lita, abin da faranti ba zai gani ba sai an ƙafar da ruwa mai yawa. Haka ne. Ba ta maye gurbin gwajin jinin yaro, ba ta kai na'urar hannu ta XRF da aka yi aikin share ƙauyukan Zamfara da ita ba. To amma ƙurar da ta kashe yaran Dareta ba ta bukatar awo mai zurfi kafin a gane ta. Tambayar farko ita ce akwai ko babu, kuma samfurin da ya nuna ja shi kaɗai ne ya cancanci kuɗin motar Zariya.

Rashin tsaron ma hujja ce a wajenmu. Mai bincike ba zai shiga Rugu ba, amma mutanen ƙauyukan suna fitowa ranar kasuwa, kuma ƙullin ƙasa a leda ba ya da nauyi. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana maƙwabtaka da Safana, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Sashen kimiyyar sinadarai na kowacce zai iya horar da ma'aikatan ɗakin gwajin asibitocin Batsari da Safana, ya ba su faranti da sinadarai, bisa sharaɗin a mayar wa mai unguwar da ƙasar ta fito daga garinsa sakamakon da baki, cikin Hausa, kafin kasuwa ta zagayo.