Me ya sa manyan a-kori-kura na Amurka ba su ture Hilux a Kaduna ba?

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a unguwar Kinkinau da ke Kaduna, da wuya ya daɗe bai ga motar Toyota Hilux ta wuce ba, ko dai ɗauke da jami'an tsaro, ko buhunan masara, ko kuma siminti.

Amma manyan a-kori-kura na Amurka, irin su Ford F-150 da Toyota Tundra, sai jefi-jefi ake cin karo da su, duk kuwa da cewa jerin motocin Ford F su ne a-kori-kurar da aka fi saya a Amurka tun shekarar 1977.

Ga ɗan kasuwa ko manomin da zai zuba miliyoyin naira a kan mota guda, sanin dalilin hakan na iya raba shi da asara.

Ja da ɗauka

Babban abin da manyan motocin ke tinƙaho da shi dai shi ne ƙarfin ja. Wasu samfurorin F-150 kan ja tirelar da nauyinta ya haura tan 6, yayin da Hilux ba ta wuce tan 3 da rabi.

To sai dai a arewacin Najeriya ba a cika ɗaura wa a-kori-kura tirela ba, a bayanta ake loda kaya. A nan kuwa tazarar ba ta taka kara ta karya ba: Hilux kan ɗauki kimanin tan guda, kuma da dama daga cikin manyan motocin ba su zarce hakan sosai ba.

Ke nan mai saye zai biya kuɗin ƙarfin da ba lalle ne ya yi amfani da shi ba.

Girman ma kansa wani nauyi ne. F-150 mai ƙofa huɗu ta kusa mita 6 a tsawo, faɗinta kuma ya ɗan haura mita 2, alhali tsawon Hilux kimanin mita 5.3 ne. A lungunan Kinkinau da Tudun Wada, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Tsadar mai

Lissafi ya sauya tun ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen shekarar 2024.

Tsohuwar Tundra mai injin silinda takwas, wadda ake shigowa da ita a matsayin ta hannu, tana shan kusan lita 16 a kowace kilomita 100, bisa ma'aunin hukumomin Amurka. Hakan na nufin fiye da lita 35 daga Kaduna zuwa Kano, kafin a yi maganar dawowa.

Kamfanin Toyota da kansa ya daina sanya wannan inji a samfurin 2022, inda ya koma ga mai silinda shida.

Kayan gyara

Mota dai ba ta fi bakanikenta ba. Mai Hilux da ta lalace zai iya samun kayan gyara, sababbi ko na hannu, a kasuwar Panteka, ya koma bakin aiki a ranar. Mai babbar motar Amurka kuwa yakan jira a aiko masa daga Legas, wani lokaci ma daga ƙasar waje.

Tun daga samfurin 2015 kuma, da alminiyam ake ƙera jikin F-150, wanda gyaransa ke buƙatar kayan aiki da ƙwarewar da suka bambanta da na ƙarfen da masu gyaran jikin mota suka saba da shi.

Mutanen Kaduna sun san wannan darasi tun tuni. A-kori-kurar Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kakuri da ta fara aiki a 1975, ta mamaye hanyoyin karkara ne saboda kusan kowane gari akwai wanda ya iya kwance ta.

Su waye abokan hamayya?

Ainihin masu gogayya da Hilux a Najeriya su ne tsararrakinta, kamar Mitsubishi L200 da Ford Ranger da Isuzu D-Max, sai motocin ƙasar Sin da kan zo da rangwamen farashi, da kuma na kamfanin Innoson da ke Nnewi.

Wannan ba ya nufin manyan motocin ba su da ranarsu. Sun fi yalwar wurin zama da daɗin doguwar tafiya, kuma ɗan kwangilar da ke jan injuna masu nauyi zai ci moriyarsu.

Amma ga wanda buƙatarsa ita ce kai taki gona da kwaso amfani zuwa kasuwa, abin dubawa shi ne kuɗin man da zai sha a wata, da kwanakin da za ta yi a gareji, da kuma farashin da za ta yi ranar da ya tashi sayar da ita.