Minti Shida a Kan Hanyar Jojiya

A daren 29 ga Maris, 2001, wani ɗan sanda mai suna Clinton Reynolds a gundumar Coweta ta jihar Jojiya, a Amurka, ya auna gudun wata mota, ya ga tana cin kilomita 117 a awa a hanyar da doka ta tsayar a kan 88. Ya kunna fitila, ya ba direban alamar ya tsaya. Direban, Victor Harris, ɗan shekara 19, sai ya ƙara wuta. Bayan minti shida da tafiyar kusan kilomita 16, motar tana kwance a ƙasan wani gangare, Harris kuwa hannuwansa da ƙafafunsa sun shanye. Laifin da ya sa aka tare shi tun farko, hukuncinsa tara ce. To ta yaya laifin tara ya kai ga wannan? Kuma haɗarin da aka ce an kawar a daren nan, daga ina ya fito?

Amsar farko daga Kotun Ƙolin Amurka ta zo, ranar 30 ga Afrilu, 2007. Harris ya kai ƙarar Timothy Scott, ɗan sandan da ya daki motarsa ta baya da gangan har ta ƙwace masa. Alƙalai takwas cikin tara suka ce Scott bai taka tsarin mulki ba. Babbar hujjarsu bidiyon da kyamarar motar 'yan sanda ta ɗauka, wanda ke nuna Harris yana zarce kilomita 135 a awa a siririyar hanya, yana shiga hannun da ba nasa ba, yana keta jar fitila. Mai shari'a Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, ya kwatanta abin da tseren motoci na finafinan Hollywood. Kotun har ta ɗora bidiyon a shafinta na intanet, wai kowa ya gani da idonsa.

Da nan maganar ta ƙare, ba don alƙali na tara ba. John Paul Stevens ya kalli bidiyon nan guda, amma ya ga abin da sauran ba su tsaya a kai ba. Motocin da ake gani suna gocewa gefen hanya, a ganinsa, jiniya suka ji suka ba da hanya, kamar yadda kowane direba zai yi. Dare ne, hanyar ba cunkoso. A 2009 wasu malaman shari'a uku, Dan Kahan da David Hoffman da Donald Braman, suka wallafa abin da suka samu bayan sun nuna bidiyon ga Amurkawa 1,350. Mafi yawa sun bi ra'ayin kotun, amma baƙaƙen fata da masu ƙaramin ƙarfi sun fi karkata ga cewa bin motar bai cancanci haɗarinsa ba. Ke nan bidiyon bai raba gardama ba. Yana nuna yadda Harris ya gudu, amma ba ya nuna abin da masu bin sa suka sani game da shi.

Don sanin wannan sai a koma ga abin da aka faɗa a rediyon 'yan sanda, kuma a nan zaren ya fara warwarewa. Bisa bayanan kotun ɗaukaka ƙara, Reynolds ya sanar cewa yana bin wata mota da ta ƙi tsayawa, ya karanto lambarta, amma bai faɗi cewa gudun wuce ƙa'ida ne laifin ba. Scott ya ji sanarwar ya shiga sahu. Aka kusa ritsa Harris a filin ajiye motoci na wasu shaguna a garin Peachtree City, ya gogi motar Scott ya sulale ya koma babbar hanya. Daga nan Scott ya wuce gaba, ya nemi izinin shugabansa ya ture motar. Shugaban, wanda a makare ya fara sauraron rediyon kuma bai san mafarin abin ba, ya ba shi izini. Wanda ya daki motar da wanda ya ce a daka, babu wanda ya san me yaron ya yi. A ransu yana iya zama ɗan fashi ko mai kisan kai, tunda mai gaskiya, in ji tunanin ɗan sanda, ba ya gudu haka.

Amma mutane suna gudu kan abin da bai taka kara ya karya ba. Harris ba a neman sa da wani laifi. Lasisinsa ne a dakace, kuma daga baya ya ce tsoro ne ya kama shi. Wauta ce babba, ba kuma zan wanke shi ba: ya jefa rayukan mutanen da ba ruwansu cikin haɗari. Sai dai a duba lokacin da kyau. Kafin jiniya, direba ne mai gudun kilomita 117. Keta jar fitila da shiga hannun wasu duk bayan an fara bin sa suka zo. Ga kuma lambar motar tana hannun hukuma tun mintin farko, abin da Stevens ya nanata: ana iya janyewa a je a kama shi daga baya.

Saura tambaya ɗaya, ita ce kuma mafi nauyi, Scalia ne ya ɗaga ta. In an kashe jiniya, wa ya tabbatar Harris zai rage gudu? Sannan in direbobi suka gane cewa da zarar sun taka mota 'yan sanda za su ƙyale su, ai an koya wa kowa gudu. Wannan ba maganar wasa ba ce, kuma akwai wanda ya bi ta da bincike tun kafin shari'ar. Geoffrey Alpert na Jami'ar Karolina ta Kudu, a rahotonsa na 1997, ya tattauna da mutanen da ke tsare waɗanda suka taɓa tsere wa 'yan sanda a mota. Fiye da kashi 70 cikin ɗari suka ce da sun ji sun kuɓuta, da sun rage gudu, kuma kuɓutar a wurinsu ba nisa ba ce, layi biyu ne a cikin gari. Maganar ɗaurarru ce, dole a ɗauke ta da taka-tsantsan, amma ta dace da hankali: mai gudu daga wani abu, in abin ya daina bin sa, dalilin gudun ya kau. Rahoton ya kuma nuna yadda ƙa'idar rundunar 'yan sanda ke juya lissafi. Da 'yan sandan yankin Miami suka taƙaita bin mota ga manyan laifukan tashin hankali a 1992, adadin ya sauko daga 279 zuwa 51 a shekara. Da rundunar birnin Omaha ta sassauta tata ƙa'idar, ya tashi daga 17 zuwa 122.

To amsar ta fito. Haɗarin daren nan mutum biyu suka haɗa shi, mai gudu da mai bi, amma ɗaya ne daga cikinsu aka horar, aka ba rediyo da shugaba da lambar mota, aka kuma ɗora wa amanar sauran masu hanya. Alƙaluman ma'aikatar shari'ar Amurka sun nuna cewa tsakanin 1996 da 2015 kimanin mutum 355 ke mutuwa kowace shekara a irin wannan tsere, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma mutanen da ba su cikin tseren ne sam. Garin neman gira ake rasa ido, idon ma sau da yawa na mai wucewa ne.

Taƙaitawar tana da nata tsada, ba zan ɓoye ba. Birnin Milwaukee ya ɗaure hannun 'yan sandansa a 2010 bayan mutuwar wasu mutum huɗu da ba ruwansu, sannan a 2017 koke-koken mazauna gari kan tuƙin ganganci suka sa aka sassauta, shekarar da ta biyo baya kuwa bin motoci ya ninka fiye da sau biyu. Mutanen da suka koka suna da gaskiyarsu. Duk da haka ina tare da shawarar da ƙungiyar manyan jami'an 'yan sanda ta PERF ta bayar a 2023: kada a bi mota a guje sai in an aikata laifin tashin hankali kuma akwai barazana ta nan take cewa wanda ake zargi zai sake aikata irinsa. Ɓarawon mota da mai mataccen lasisi, akwai lambar mota, akwai kyamarori, akwai jirgi mai saukar ungulu, akwai na'urar bin sawu da ake harbawa ta manne a jikin mota. Hukuncin 2007 cewa ya yi tsarin mulki bai hana abin da Scott ya yi ba. Bai ce dole a yi shi ba, kuma kowace runduna na da ikon rubuta wa jami'anta ƙa'idar da ta fi ta kotun tsauri.