Fi'ilin Turanci da Lokatansa

Cikin dukan abin da mu ke koya wa yara na Turanci, babu inda jar tawada ta ke ƙarewa kamar wajen fi'ili, watau kalmar aiki, wadda masu nahawun Hausa su ke kira aikatau. Yaro ya iya haddace sunayen abubuwa ɗari biyar, ya karanta shafi guda ba gargada, amma da an ce ya ba da labarin abin da ya yi jiya, sai a ga jumla ta tashi daga jiya, ta ratsa ta yau, ta sauka a gobe. Sau da yawa a kan ɗora laifin a kan rashin kula. Mu dai a ganinmu yawancin kurakuran nan tushensu ɗaya, yana kuwa cikin Hausar da yaron ya ke tunani da ita. Malamin da ya san tushen, ya san inda zai tsaya ya tare su.

Bari mu fara duba tamu. A Hausa fi'ili bai cika motsi ba, 'yar kalmar da ke gabansa ita ke ɗauke da kayan: na rubuta, zan rubuta, na kan rubuta, ina rubutawa. Abin da kalmar nan ta fi kula da shi kuwa shi ne ko aikin ya kammala ko yana gudana. Zancen yaushe aka yi shi, wannan an bar wa jiya da yau da gobe. Ga shaida. Mu kan ce jiya war haka ina karatu, yanzu ina karatu, gobe war haka ina karatu. Ina ɗin nan guda ɗaya ta isa duka. Har ma mu kan ce gobe war haka na isa Kano, alhali ko kaya ba a ɗaure ba. Bature ba ya yarda da wannan sauƙi. Lalle ne kowane fi'ili ya ɗauki alamar lokacinsa a jikinsa, ko da an riga an ambaci jiya a farkon magana: "I was reading", "I am reading", "I shall be reading", "I shall have reached Kano".

Waɗanda suka karanta Ajurumiyya a zaure daga cikinmu sun tuna an kasa fi'ili uku: mali, da mulari'i, da amri. In aka ware amri, da ya ke umurni ne, saura biyu ke nan, sauran lokatai kuwa da taimakon waɗansu kalmomi a ke samunsu, kamar kana da saufa. To, Turanci ma haka ya ke, ko da ya ke littattafai ba su cika faɗa ba. Fi'ilinsa shi kaɗai lokaci biyu ya ke iya nunawa, "write" da "wrote". Duk sauran da mataimaka a ke gina su, watau "be" da "have" da "will". Jadawalin nan mai gida 12 da mu ke zanawa a allo, lokaci 3 ne aka riɓa da hali 4. Ba mu ce a yar da shi ba. Amma mun ga yaran da ke rera shi daga farko har ƙarshe kamar karatun allo, a ba su takarda su kasa zaɓen gida ɗaya.

Babban ramin da ke hanya shi ne na, ta cikin na tafi, na ci, na rubuta. Kalma ɗaya ce gare mu, Turanci ya raba ta uku: "I wrote", da "I have written", da "I had written". Yaro yana da hanya ɗaya a kansa, an kawo shi mararraba, ba abin mamaki ba ne ya ɓace.

Ta farkon ita ce ta labari. In an ambaci lokacin, lokacin kuwa ya wuce an rufe shi, ita a ke ɗauka ba wata ba. Shehu Usmanu ya rasu cikin 1817: "The Shehu died in 1817." Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911: "The railway reached Kano in 1911." Wanda ya rubuta "has died in 1817" ya haɗa abin da ba ya haɗuwa, gama "have" ba ta zama wuri ɗaya da shekarar da ta shuɗe, ko da "yesterday", ko da "last week". Wannan doka ɗaya, in ta zauna a kan yaro, ta rage wa malaminsa aikin gyara mai yawa.

Ta biyu, mai "have", ita ta fi wuyar bayani, don ƙafarta ɗaya tana baya, ɗaya tana yanzu. Aikin ya wuce, amma mai magana ba lokacin yinsa ya dame shi ba, abin da ya bari shi ne zancen. Yaron da ya ce "I have lost my pen" yana nufin har yanzu ba shi da alƙalami, a ba shi aro. Wanda ya ce "I lost my pen last week" labari ya ke bayarwa, watakila ma ya riga ya tsince shi. A nan Hausa tana da abin da za ta taimake mu da shi. Kowa ya san bambancin ya tafi Kano da ya je Kano. In an ce ya tafi, kada ka neme shi a gida. In an ce ya taɓa zuwa, yana iya kasancewa zaune kusa da kai. Haka "He has gone to Kano" da "He has been to Kano" su ke. Mun gwada wannan misali a aji, ba a daɗe ba yara suka kama. Sai dai a sani mutanen Amurka sun fi na Ingila sakin "have", su kan ce "I just ate" inda mutumin Landan zai ce "I have just eaten". Ba kuskure ba ne a wurinsu, amma a bar yaro ya ƙware a hanya ɗaya tukuna.

Ta uku, mai "had", ita ce yara su ke ƙauna fiye da kima. Da sun koye ta sai su zaci ta tsohon labari ce, su yi ta yayyafa ta ko'ina: "Bayajida had come to Daura and had killed a snake." Tsufan labari ba ya kiran "had". Abin da ke kiranta shi ne abu biyu da suka wuce, ana so a nuna wanda ya riga wani: "The railway had reached Kano before the war began in 1914." A Hausa riga mu ke sawa, ko kafin. In yaro ba zai iya cusa ya riga ya cikin jumlarsa ta Hausa ba, galibi ba ya bukatar "had".

Har wa yau na ɗin nan tana da wata fuska. Mu kan ce na sani, na gane, na yarda, na gaji, duk kuwa halin da mu ke ciki yanzu mu ke nufi. Yaro ya ga na, sai ya rubuta "I knew", Bature ya ji, ya zaci dā ya sani yanzu ya manta. Daidai shi ne "I know", "I understand", "I agree", "I am tired". Ina kuma ta kan yi masa irin wannan ta ɗaya gefen. An gaya masa ina ita ce "am" da "ing", to, ina da littafi ta zama "I am having a book", ina jin Hausa ta zama "I am hearing Hausa". Fi'ilan mallaka da sani da so da ji, galibi ba su karɓar "ing", don hali su ke nunawa, babu wani aiki da hannu ke yi. "I have a book" ya isa, "I understand Hausa" ya isa. In ka ji Bature ya ce "I am having", to, sau da yawa abinci ne a gabansa. Akwai kuma ina zuwa, da mu kan faɗa in za mu fita mu dawo. Wanda ya juya ta "I am coming" yana kuwa ba da baya, ya bar baƙonsa cikin mamaki. "I shall be back" a ke cewa.

Inda ina ta fi kā da manyan yara, har da waɗansu masu rubuta takardar neman aiki, shi ne wajen tun. Ina zaune a Zariya shekara uku ke nan. Aikin ya faro daga baya, yana nan bai yanke ba, saboda haka Turanci ya ke kiran "have": "I have been living in Zaria for three years." Ba a cewa "I am living here since three years". A lura kuma, "for" tana auna tsawon lokaci, "since" tana nuna ranar da aka fara, kamar "since Monday".

Sigar nan "I write", da littattafai ke kira ta yanzu, ba ta cika magana a kan yanzu ba. Ita ce na kan rubuta, ita ce kuma ta abin da ba ya sākewa, kamar "The sun rises in the east". Abin tsaro a nan ɗan harafin "s" ne na "he writes", wanda ya kan faɗi a hanya kamar kwabo daga huɗajjen aljihu.

Game da lokaci mai zuwa, tsofaffin littattafai sun ce "shall" ta ni da mu ce, "will" ta sauran. Dokar nan ta daɗe, tana cikin nahawun Turanci da John Wallis, wani malamin lissafi na Oksfod, ya wallafa da harshen Latin cikin 1653. Yau Turawa da kansu "will" su ke sa wa kowa, sai a wajen tambaya irin "Shall I open the door?" Kada a ɓata mako guda a kanta. Abin da ya cancanci makon shi ne in ya zo zan gaya masa. Mu da Larabawa siga ta abin da ya kammala mu ke sawa bayan in, yaro sai ya rubuta "When he came". Wani mai wayo ya ce ai bai zo ba tukuna, ya rubuta "When he will come". Duka biyu sun kauce. "When he comes, I shall tell him."

Sauran aikin na hadda ne da kunne. Fi'ilan da ba su bin ƙa'idar "ed" sun kai wajen 200, su ne kuwa aka fi amfani da su, ba makawa sai an haddace su uku uku: "go, went, gone". Ita "went" ɗin ma aro ce daga wani tsohon fi'ili, "wend", shi ya sa ba ta kama da 'yan'uwanta. Masu bin ƙa'ida su ma suna da tasu. Harshenmu bai saba da tara baƙaƙe a ƙarshen kalma ba, sai "walked" ta fito daga bakin yaro kamar "walk", abin da baki ya yar kuwa alƙalami ba ya tsintarsa. A sa su faɗa da ƙarfi, su ji "ed" iri uku ce: "t" a "walked", "d" a "played", "id" a "wanted".

Ga dabarar da mu ke ba 'yan'uwanmu masu fita gwajin koyarwa shawara su jarraba. A rubuta gajeren labari na jumla biyar a allo, a rubuta "every day" a samansa. Yara su karanta. Sa'an nan a goge, a rubuta "yesterday", su sāke kowane fi'ili da baki, ɗaya bayan ɗaya, kafin a taɓa alƙalami. Kashegari a sa "tomorrow". In sun saba, a ƙara musu "He said that" a gaba, su ga yadda ya ce yana zuwa ta ke komawa "He said that he was coming", fi'ili na biyu ya bi na farko baya. "Have" da "had" a jinkirta su sai "yesterday" ta zauna sosai, ko da za a kai zango na biyu.