Tondibiya: Bakin Kogin Da Ya Rage Wa Iyalan Yamai A Ƙarshen Mako

Duk wanda ya san birnin Yamai, fadar gwamnatin Jamhuriyar Nijar, idan aka ambaci Tondibiya abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne soja, domin kuwa a can ne sansanin horar da sababbin sojoji yake, haka ma makarantar horar da hafsoshin ƙasar. Amma ga magidanta masu matsakaicin ƙarfi, sunan yana da wata ma'ana ta daban. Wuri ne na bakin kogi mai lambuna da inuwar mangwaro, inda mutum zai kwashi iyalinsa ranar Asabar ko Lahadi su je su wuni ba tare da an ce ya yanki tikiti ba. Tondibiya tana arewa maso yammacin birnin ne, a gaɓar hagu ta kogin Kwara, cikin gunduma ta ɗaya daga gundumomi biyar na Yamai. Sunan Zabarmanci ne, ma'anarsa baƙin dutse.

Mun samu damar bin wani iyali na tsawon kwana biyu a tsakiyar hunturu, cikin watan Janairu, don ganin yadda ƙarshen mako ke kasancewa a wannan birni. Mai masaukinmu ma'aikacin gwamnati ne mazaunin unguwar Yantala, yana tare da mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, da kuma ɗansa mai shekara bakwai. Uwargidan ba ta samu binmu ba, saboda ranar ta faɗo daidai da foyandi, wato wunin da mata ke yi a gidan ɗaya daga cikinsu ana zubin adashi ana ci ana sha, kuma a Yamai matar da ta ƙi zuwa foyandi ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba ta san abin da ta jawo wa kanta.

Abu na farko da baƙo zai lura da shi shi ne, Asabar ba ta maigida ba ce, ta jama'a ce. Tun bayan sallar asuba muka fita zuwa wani suna, daga nan muka wuce gaisuwar ta'aziyya a wata unguwa, kafin ƙarfe goma kuma an tsaya a kantin magani an karɓo wa Inna ƙwayoyinta na hawan jini, an kai yaro wurin mai aski, an biya wurin tela wanda kamar yadda aka saba ya ce a dawo jibi. Duk abin da aiki ya hana a yi daga Litinin zuwa Juma'a, a wannan safiya ake cusa shi.

A kasuwar Katako ne muka daɗe. Wannan kasuwa ta yi suna wajen katako da ƙarafa da kayan gini, da kuma maƙeran da ke narka tsofaffin gwangwanaye su zuba tukwanen dalma, kuma tukunya ce ta kai mu. A nan ne muka ga wani abu da zai ba mai karatu na Nijeriya mamaki. Mai kaya ya faɗi kuɗin wani ludayi da cewa dala hamsin ne, sai yaro ya tsaya yana kallon mahaifinsa, domin a makaranta da Faransanci aka koya masa lissafi, sefa kawai ya sani. A Nijar kuwa, da Hausa ko da Zabarmanci, da dala ake ƙirga kuɗi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Ke nan dala hamsin sefa 250, dala ɗari sefa 500, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. Inna, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ita ce ta zauna a kan benci ta warware masa wannan lissafi da tsabar kuɗi a tafin hannu.

"Kai angona, boko ba ta koya maka ciniki ba? To da me za ka ciyar da ni?" Haka ta ce masa, cikin irin wasan nan na kaka da jika, shi kuwa ya ce ai ya sake ta tun bara.

Ba ƙaramin al'amari ba ne wannan. A watan Maris na 2025 hukumomin ƙasar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki. Amma a ganinmu, kafin doka ta kai ga littafin yaro, kasuwa da kaka sun riga ta isa wurinsa.

Da la'asar muka shiga gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959. Shi ne wurin da kusan kowane yaro a Yamai ya taɓa zuwa, saboda haɗe yake da gidan namun daji. Akwai zaki da kura da dorina, akwai ƙasusuwan manyan halittun zamanin da da aka tono a yankin Agadas, akwai kuma kututturen bishiyar nan ta hamadar Tenere da wata mota ta kayar a 1973. Yaro zaki ya nufa da gudu. Inna kuwa sai ta ja shi ɓangaren da aka gina samfurin gidajen ƙabilun ƙasar, ta tsaya gaban wani rumbu tana nuna masa ta inda ake shiga a ɗebo hatsi, da dalilin da ya sa ake ɗora shi a kan duwatsu. Mun lura yaron bai taɓa ganin rumbu ba sai a nan, alhali kakarsa a gindin rumbu ta girma a ƙasar Dogon Dutse. Tsakaninsu tsara ɗaya ce kawai, wato mahaifinsa.

Ranar Lahadi da hantsi aka ɗora tabarmi da kula ta dambu da butar shayi a bayan mota, muka kama hanyar Tondibiya. Daga Yantala ana bi ta gefen Kwara Kano, unguwar manya da ofisoshin jakadanci. Kada mutumin Kano ya yi saurin murna, sunan ba shi da alaƙa da Dabo, da Zabarmanci yana nufin gari mai daɗi. Daga nan sai Gudel, tsohon ƙauyen da birni ya haɗiye, inda babbar matatar ruwan famfo take, kuma daga nan ne gada ta uku, mai sunan Janar Seyni Kountché, wadda aka buɗe a 2021, ta tsallaka zuwa ɗaya gaɓar. Bayan Gudel gine-gine sukan fara raguwa, kogi ya riƙa leƙowa ta hannun hagu. Idan hanya ba cunkoso, tafiyar ba ta wuce rabin sa'a. Wanda ba shi da abin hawa yakan shiga ƙananan motocin haya da ake kira faba-faba, ya ƙarasa da ƙafa ko da kabu-kabu. Shawara ɗaya ga baƙo: idan ya kusanci sansanin soja ya mayar da wayarsa aljihu, ba wurin ɗaukar hoto ba ne.

Me ya sa sai Tondibiya? Mai masaukinmu ya shaida mana cewa lokacin da yake saurayi, wuraren zuwa suna da yawa. Ana zuwa Kure, gabas da Yamai, kallon raƙuman dawa, ana zuwa gandun dajin W, masu ƙarfin hali har kasuwar Ayoru suke kaiwa kusa da iyakar Mali. Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 9 ga Agusta, 2020, 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu. Rashin tsaro a jihar Tillaberi, wadda ta kewaye Yamai ta kowace fuska, ya sa magidanci mai hankali ba ya ɗaukar tsohuwa da ƙaramin yaro ya yi nisa da su don shan iska kawai. Sai da'irar ta tsuke, ta dawo bakin kogin da ke cikin birni da gefensa.

To amma a nan ma ba a tsira ba. Lambun da iyalin suka saba sauka tun yaron yana goye, mun tarar an zagaye shi da katangar bulo mai tsawo, an sa ƙofar ƙarfe. Maigadi ya fito cikin ladabi ya ce wurin ya canza hannu, kuma mai shi bai ba da izinin a bar kowa ya shiga ba. Hanyar da a da ake bi ta gefensa a gangara ruwa ita ma katangar ta cinye ta. Inna ba ta ce komai ba, ta dai daɗe tana kallon reshen mangwaron da ya leƙo ta saman katangar.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tarihin birnin. Lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, mutanen Yamai kimanin dubu 30 ne. Ƙidayar 2012 ta nuna sun haura miliyan ɗaya. Ko dajin nan na dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya zagaye birnin ya tare masa ƙura da iska, an yanka wani babban sashe nasa an mayar da shi fulotai. Idan dajin gwamnati bai tsira ba, ina ga gonar gado da 'yan'uwa goma ke jiran rabonsu? Ba mu ga laifin mai sayarwa ba, talauci ba ya shawara. Ba mu kuma ga laifin mai saye ba, da kuɗinsa ya saya. Abin da muke ganin ya kamata hukumar birni ta duba shi ne hanyoyin da ake bi a isa ruwa, domin ana iya sayar da gona, amma ba a taɓa jin an sayar da kogi ba, kuma katanga idan ta haɗu da katanga sakamakon ɗaya ne.

Can gaba kaɗan muka samu wani dattijo mai lambu yana ban ruwa da ƙaramin inji. Mai masaukinmu ya yi sallama, ya ce, "Baba, ko za a taimaka mana da inuwa? Da tsohuwa muke tafe." Inna ta ƙara da gaisuwa da Zabarmanci, wanda ta koya tun zuwanta Yamai tana amarya, nan da nan dattijon ya nuna mana gindin wani mangwaro da ke kallon ruwa. Bai nemi ko dala ba. Al'adar wurin dai ita ce idan za ka tafi ka sayi abin da lambun ya haifa, kuma a wannan lokaci na sanyi akwai salak da kabeji da tumatir da zogale, wanda mutanen Yamai ke kwaɗawa da ƙuli su kira shi kopto.

Abin da zai ɗaure wa baƙo kai shi ne, watanni uku ke nan ba a ga ɗigon ruwan sama ba, amma kogin cike yake taf. Yaro ne ya yi tambayar, kuma amsar da Inna da mai lambu suka haɗu suka ba shi ita ce dai wadda masana ke bayarwa. Sau biyu kogin ke cika a Yamai. Na farko a watan Agusta zuwa Satumba, lokacin da rafukan da ke gangarowa daga ɓangaren Burkina Faso, irin su Sirba da Dargol da Gorowal, suke kwararo ruwa mai jar ƙasa, shi ake kira jan ruwa. Na biyu kuwa ruwan da aka yi ne a tsaunukan ƙasar Gini, wanda ke daɗewa yana yawo a fadamun ƙasar Mali, ba ya isowa Yamai sai Disamba zuwa Fabrairu, ya riga ya zubar da lakarsa a hanya, shi ne baƙin ruwa. Wannan ruwan da ke wucewa gabanmu shi ne zai shiga Nijeriya ta jihar Kebbi, ya wuce Yawuri da Jebba, ya haɗu da Binuwai a Lokoja.

Inna ta ba jikanta labarin 1985, shekarar da fari ya sa kogin ya daina gudu a Yamai, har mutane suka riƙa tsallakawa da ƙafa a kusa da gadar Kennedy. Yaro ya kalli faɗin ruwan ya ce shi dai bai yarda ba. Mai lambu kuma nasa labarin na 2020 ne, lokacin da a watan Satumba ma'aunin ruwa a Yamai ya kai mita 7, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara aunawa. Ya nuna mana a jikin mangwaron inda ruwan ya tsaya, ya ce a shekarar ko ganye ɗaya bai tsinka ba. Ban da ambaliya akwai dorina, wadda kan fito da dare ta yi wa shuka ɓarna, shi ya sa a cewarsa wasu ranakun a lambun yake kwana.

Rigima ɗaya aka yi a wunin, ita ce ta wanka. Yaro ya ga sa'o'insa na ƙauyen suna tsalle cikin ruwa ya ce sai ya shiga, mahaifinsa ya fara sassautowa, Inna ta ce atafau. Ba nutsewa kaɗai take tsoro ba, tsargiya take gudu, cutar nan da ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi ke zaune, wadda ke sa yaro fitsarin jini. Gaskiya tana wurinta. Aka sasanta a kan wani masunci ya ɗauke shi da mahaifinsa a kwale-kwale su zaga kusa da gaɓa su dawo, ita kuma ta tsaya a tsaye har suka sauka. Daga wurin masuncin aka sayi karfasa guda huɗu.

Bayan la'asar Inna ta sa aka fara naɗe tabarmi, domin ba ta yarda magariba ta riski jikanta a bakin ruwa ba saboda sauro. Ta zaɓi zogale da kanta, ta yi ciniki da dala, wannan karon yaro ne ya ƙirga canjin kuma bai yi kuskure ba. Mai masaukinmu ya karɓi lambar wayar dattijon, ya ce in Allah Ya yarda za su dawo a watan Afrilu idan mangwaro ya nuna. Dattijon ya ce suna maraba, sai dai su kira kafin su taso, domin ƙannensa biyu sun fara maganar a raba gado, kuma tuni wani mutum ya zo sau biyu da mota yana auna tsawon lambun da ƙafa.